Injiniya Ɗari Biyu da Sha Biyu

Ranar da maigidana ya ce ya gano yadda zai yi aikin sati uku da dannawa huɗu, ina durƙushe ina wanke kofunan shayi. Ban ɗago kai ba. Na san shi. Duk ranar da ya fara magana da "Madam, tarihi zai tuna da yau," to a ranar wani abu zai ƙone, ko ya karye, ko ya ɓata.

Ana kiransa Injiniya, amma bai taɓa shiga makarantar injiniyoyi ba, ko ta ƙofar baya. Sunan ya samo shi ne lokacin da ya gyara fankar Tela maƙwabcinmu, fankar ta kwana biyu tana juyawa da baya, tana zuƙe iska daga kan mutane tana kai wa rufi. Tela ya ce masa, "Sannu, Injiniya," da gatse. Shi kuma ya karɓa hannu biyu, har ya sa aka rubuta masa a bayan riga.

Shagon da muke aiki na yayarsa ne. Shagon hoto ne da buga takardu, a bakin ƙofar kasuwa, tsakanin Tela da mai kemis. Kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya, kyamara, sai farin labulen da ake tsayar da mutum a gabansa. Bayan labulen akwai ƙofa, bayan ƙofar kuma ɗakin da muke zaune tun da aka kawo ni wata bakwai da suka wuce. Makulli ɗaya ke buɗe shagon da ɗakin. Yaya ta ba shi makullin ne bisa sharaɗi, kuma duk ranar da ta karɓe, sai dai mu naɗe katifa mu koma falon mahaifiyarsu, inda jikoki tara ke kwana, biyu daga cikinsu har yanzu ba su daina jiƙa shimfiɗa ba.

Aikin da yake magana a kai kuwa babba ne. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta yanke cewa daga ranar Litinin duk wanda ba shi da katin shaida, mai gadi ba zai bar shi ya shiga ba. Yaya ta yi ta zirga-zirga har aka ba shagonmu aikin. Mutum ɗari biyu da sha biyu. Injiniya ke ɗaukar hoto, ni kuma nake sa wa kowane hoto sunan mai shi a kwamfuta.

Ni karatuna bai yi nisa ba, kuma ba na iya ce wa babban mutum ya maimaita sunansa. Sai na samo allon yara da alli. Kowa ya zo na miƙa masa, ya rubuta sunansa ya riƙe a ƙirji a ɗauke shi. Wanda bai iya rubutu ba, Malam Ritaya, tsohon malamin makarantar da ke wuni a bencin ƙofarmu, ya rubuta masa. In an watse sai in buɗe hoto, in karanta allon, in buga sunan da yatsu biyu. Sati uku na yi ina wannan.

"Allo da alli a wannan zamanin?" in ji Injiniya. "Madam, kina zubar mini da daraja. Dubi mutane kamar fursunoni."

Na ci gaba da bugawa.

Dabarar tasa ga yadda take. Abin nan mai wutsiya da ake ja a kan tebur, wanda shi yake kira linzami, Yaya kuma take kira ɓera, yana da kunne biyu. In ka danna na dama a kan hoto, sai wani jeri ya buɗe: kwafa, goge, canza suna, da sauransu. To Injiniya ya gano cewa in mutum ya rubuta 'yan layukan umarni ya ajiye a wata ɓoyayyiyar folda, sai su fito a cikin jerin nan, ka danna su yi maka aiki. Layukan ba shi ya ƙirƙira ba. Tsinto su yake a intanet, ya ɗauki kan wannan ya haɗa da gindin wancan.

Guda biyar ya haɗa, ya raɗa musu suna. Biri yana kwafar duk abin da aka nuna masa ya ɓoye a wata folda, don ajiya. Damisa tana yage gefen hoto ta bar fuska kawai. Giwa tana ɗora hoto a kan kati ta rubuta sunan fayil ɗin a ƙarƙashi. Kura tana cinye abin da aka gama da shi. Zaki kuma ruri yake wa firinta ta buga.

"Me ya sa ba za ka rubuta aikin kowanne ba?" na tambaye shi. "Kwafa, yanke, buga."

"Sai kowane baƙauye ya zo ya iya? Madam, wannan sirrin sana'a ne."

Yaya da ta leƙa ta gani sai ta ce, "Auta, gidan namun daji ka buɗe mini a kwamfuta?"

Ba abin da ya tsana kamar a kira shi Auta a gaban mutane. Ya ce, "Yaya, nan da shekara guda kamfanoni za su zo su yi layi."

"Su zo da tsintsiya, shagon na buƙatar shara."

Tela ne ya fara ɗanɗanawa. Ya kawo hotunan ɗinkunansa arba'in, riguna a jikin gunkin katako, yana so a haɗa masa littafin nuna wa masu ɗinki. Injiniya ya ce ya zauna ya ga abin mamaki, ya saki Damisa. Damisa ta yi aikin da aka koya mata: ta yage komai ta bar kai. Aka buɗe, sai ga kawunan gunki arba'in, masu sanƙo, ba ido ba hanci, ko maɓallin riga ɗaya babu.

"Ina rigunan?" in ji Tela.

"An mayar da hankali ne kan abu mafi muhimmanci."

"Kan katako ne abu mafi muhimmanci?"

"Ai mai saye fuska yake fara kallo."

"Wace fuskar? Injiniya, abin nan ko uwarsa ba za ta gane shi ba, kuma uwarsa bishiya ce."

Kwana biyu bayan haka Malam Ritaya ya zo a buga masa wasiƙar da yake rubuta wa jarida a kan taɓarɓarewar tarbiyya. Shekara biyu yana ƙara mata shafi, ta kai shafi sittin da ɗaya. Injiniya ya buɗe foldarsa ya ga fayil tara masu kama da juna, ya ce tarkace ne, ya nuna wa Kura takwas. Wadda ya bari ita ce ta farko, mai layi uku: gaisuwa ga edita da fatan yana lafiya.

"A duba kwandon shara," in ji Malam. Ya san wannan, don jikarsa ta taɓa nuna masa.

"Malam, Kura ba ta kai abu kwandon shara. Cinyewa take. Ni na tsara ta haka, don tsafta."

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Shafi na sha huɗu a kan irinka na rubuta shi," ya ce. "Yanzu sai na mayar da shi babi guda."

Zaki kuwa a kan Injiniya da kansa ya fara ruri. Ya gwada shi da hotonsa wanda ya dafa haɓa da hannu yana kallon nesa. Firinta ta yi shiru na ɗan lokaci, shi kuma ba shi da haƙuri, ya yi ta dannawa. Muka ci abincin rana, muka dawo, muka tarar da Injiniya sittin a ƙasa, duk sun dafa haɓa. Mai kemis ya roƙi a ba shi, har yau da su yake naɗe wa mutane maganin basir.

A ranar ce Yaya ta zo ta tsaya a tsakiyar shago, ta ɗora jakarta a kan firinta.

"Auta, saurare ni da kunnen da ke aiki. Katunan nan in suka samu ko ƙwarzane, ka ajiye mini makullina a kan teburin nan. Ba ruwana da inda za ka kwana. Amarya kawai nake tausayi."

"Yaya, waɗancan duk gwaji ne."

"To ka gama gwajin a kan maƙwabta. Kasuwa ba maƙwabta ba ce."

Da ta fita na ce masa a hankali, "Ko za ka kwafe mana hotunan a filash, mu ajiye?"

"Ajiya aikin Biri ne. In na yi yanzu, me zan nuna wa jama'a ranar Alhamis?"

"Wace jama'a?"

Ashe ya riga ya zagaya kasuwa. Ya gaya wa kowa cewa ranar Alhamis da hantsi zai buga katin mutum ɗari biyu da sha biyu da dannawa huɗu, kuma ido rufe. Da Mahauci ya ce ƙarya ne, sai ya ce a zo da ƙyalle a ɗaure masa fuska.

Ya kwana uku yana atisaye. Ya danna kunnen dama, ya shiga layin dabbobin, sai ya ƙirga da maɓallin kibiya mai kallon ƙasa. Sau ɗaya, Biri. Sau biyu, Damisa. Sau uku, Giwa. Na huɗu Kura ce, a tsallake ta. Sau biyar, Zaki. Yana cin abinci yana ƙirgawa a kan cinya, yana wanka ina jin sa: "Ɗaya, biyu, uku, tsallake, biyar."

Na ce to aƙalla hotunan suna cikin memorin kyamara. Ranar Laraba na duba, na tarar ya share su tas. Ya cika memorin da hotunansa ɗari da wani abu, don allon talla da zai kafa in kamfanoni sun fara layi.

Ranar Alhamis da safe na kai masa shayi, na same shi a gaban kwamfuta yana murmushi shi kaɗai.

"Madam, zo ki ga sabuwa. Hotunana sun yi yawa, sai na haɗa wadda za ta jera mini su: Injiniya 1, Injiniya 2, har ƙarshe. Dabbobi sun yi mini kaɗan, yanzu sama na hau. Sunanta Aradu."

Ya buɗe jerin don in gani. Ni ba na karatu da sauri, shi ya sa nake bin layi da yatsa. Kuma sati ukun da na yi ina buga sunaye ya koya mini hali ɗaya na kwamfutar nan: ba ruwanta da wanda ya riga zuwa. Duk wanda sunansa ya fara da A, ko jiya aka haife shi, sai ta ɗora shi a saman kowa. Aradu tana can sama, a kan Biri.

"Sun zama shida," na ce.

"Ci gaba ke nan."

"A'a, ina nufin ta shiga gaban..."

"Madam, goge mini takalmi. Shugaban ƙungiya ya kusa isowa."

Kafin hantsi shagon ya cika har titi. Shugaban ƙungiya ya zo da babbar riga, aka ba shi kujerar ɗaukar hoto. Ga Mahauci, mutum ne da sai ya karkace yake shiga ƙofarmu. Ga Inna mai kayan miya, ga mai shara da tsintsiyarsa, ga Tela da mai kemis sun rufe shagunansu don kada a ba su labari. Malam Ritaya ya jawo bencinsa gaba-gaba. Yaya ta makara, ta tsaya a bakin ƙofa, kawuna sun tare mata kwamfutar.

Injiniya ya yi jawabi na minti ashirin. Ya ce a wasu ƙasashe irinsa ba sa taka ƙasa, ɗaukarsu ake. Ya ce kwamfutar nan tana jin muryarsa ko yana banɗaki. Sannan Tela ya ɗaure masa ido da ragowar yadi, ya ƙulle da irin ƙarfin wanda bai manta kawunan gunki ba.

Ya shafa maɓallai, hotuna ɗari biyu da sha biyu suka yi shuɗi, alamar an zaɓe su duka.

"Na ɗaya! Biri, ajiye mini!"

Ya danna kibiya sau ɗaya. Aradu ta sauka. Ina kallo sunayen da na buga da yatsu biyu suka riƙa juyewa ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kife kwanuka. Injiniya 1, Injiniya 2, Injiniya 3.

Malam Ritaya ya matso da tabarau. "Yaro, sunana ya tafi."

"Malam, kada ka tsorata. Biri ne ke wasa."

"Naka ne ya zauna a wurinsa."

"Hatimin kamfani ne. Na biyu! Damisa, yanka!"

Sau biyu. Biri ya tashi ya kwafe hotunan duka, da sabon sunansu, ya kai ajiya. A fuskar kwamfuta ba abin da ya canza.

"Ba a yanka komai ba," in ji Mahauci, wanda ya san yanka.

"Yankan zamani ba ya jini. Na uku! Giwa, ɗora!"

Sau uku. Damisa ta faɗa wa hotunan ta yage su, alluna duk suka tafi, kawuna suka rage. Jama'a suka ga abu ya motsa, suka yi tafi. Injiniya ya duƙa ya gaida bango, don ya ɗauka nan Shugaba yake.

Ni kuwa ina ƙirgawa da yatsuna a cikin mayafi. Aradu, Biri, Damisa, Giwa. Ta biyar. Kura ke nan. Ban taɓa magana a gaban mutum fiye da uku ba, amma na matsa kusa da kunnensa.

"Ba Zaki ba ne," na ce.

Bai ji ba. Na ja gefen rigarsa.

"Wa ke ja na? Madam ce? Madam, soyayya sai an tashi aiki."

Shago ya ɗauki dariya. Inna mai kayan miya ta ce, "Amarci bai ƙare ba ke nan!" Kunya ta rufe ni, ban san lokacin da na shige bayan labule ba. Ta ɗan ramin da ɓera na gaskiya ya ci a labulen na ci gaba da kallo.

"Na huɗu Kura ce," in ji Injiniya, "mai hankali tsallake ta yake. Na biyar! Zaki, yi ruri!"

Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

Fuskar kwamfuta ta yi fari fat, kamar farantin da aka lashe.

"Ku saurara," ya ce, ya ɗaga yatsa sama. "Yanzu za ku ji."

Muka saurara. Muka ji firjin mai kemis ta bango. Muka ji wani yana sayar da soso a titi. Firinta ko tari ba ta yi ba.

"Injiniya," in ji Tela, "zakin naka ko mura yake?"

Ya fizge ƙyallen, ƙullin ya ƙi, sai da ya zame shi ta sama ya tafi da hularsa. Ya dubi kwamfuta. Ya matsa kusa. Ya leƙa bayanta.

"Ina muke?" in ji Shugaba.

"Kun... kun shiga ciki ne, ranka ya daɗe. Ana sarrafa ku."

"A cikin wa?" in ji Malam Ritaya. "Ni na san farin nan. Haka wasiƙata ta yi."

Daga bakin ƙofa muryar Yaya ta taso. "Auta, me ke faruwa a nan?"

"Komai daidai, Yaya!"

Gumi ya jiƙa rubutun bayan rigarsa. Ya buɗe nan, ya rufe can, har ya faɗa foldar ajiyar Biri. Sai ga mutane ɗari biyu da sha biyu, ƙanana-ƙanana, suna kallonsa. Ya yi wata ajiyar zuciya da ta ɗaga takardar da ke kan tebur.

"Kun gani? Kun gani? Dama gwada imaninku nake!"

Bai tsaya karanta ko suna ɗaya ba. Bai kuma lura cewa waɗannan ba a yanke su ba. Ya zaɓe su duka, ya saki Giwa, ya saki Zaki, wannan karon ido buɗe. Firinta ta yi ruri da gaske, ta fara amayo katuna, takwas-takwas a kowace takarda. Ya ɗauki ta farko ya miƙa wa jama'a ba tare da ya duba ba, ya harɗe hannu.

Giwa ta cusa kowane mutum, daga kai har gwiwa, a cikin ɗan gurbin da aka yi don fuska. Kowa ya fito siriri, dogo, kamar kyandir. A ƙarƙashin kowanne kuma ga suna da manyan baƙaƙe.

Inna mai kayan miya ta miƙa wa Malam takardar. "Karanta mini, wannan mai kama da muciya ni ce?"

"Ke ce. Injiniya 83."

"Ni? Shekara talatin ina sayar da tattasai, yau na zama injiniya? To a ba ni fanka in gyara."

Mahauci ya daɗe yana kallon nasa. "Wallahi tun ina saurayi ban rame haka ba," ya ce. "Wannan a bar mini, zan kai wa likitana."

Shugaba bai yi dariya ba. Ya sami kansa a takarda ta goma sha takwas, ya miƙe tsaye, riga na karkaɗawa.

"Injiniya 140? Ni? Wane ne na ɗaya?"

Aka duba. Mai shara ne.

Mai shara ya jingine tsintsiya, ya gyara wuyan riga. "Ranka ya daɗe, ai zaɓen kwamfuta ne, ba a ja da shi. Gobe ka zo da wuri, akwai kwata a layin 'yan kifi."

"A tsayar da abin nan!" in ji Shugaba.

Injiniya ya danna, ya danna, Zaki bai san tsayawa ba, don ba a koya masa ba. Ya zare wayar firinta daga bango. Rurin ya tsaya. Ya share gumi, ya ce, "An shawo kan matsalar," ya mayar da wayar. Firinta ta yi miƙa ta ci gaba daga inda ta tsaya. Injiniya 153, Injiniya 154. Ya rungume ta ta baya kamar mai raba faɗa. Yaya ce ta ratsa jama'a da gwiwar hannu, ta zare tiren takardu gaba ɗaya, ta riƙe shi a sama kamar za ta sauke masa a ka.

"Auta."

"Yaya, a kimiyyance..."

"Makulli."

Ya zaro shi daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Ƙarar da ya yi kaɗan ce, amma ni a bayan labule sai na ji zarnin falon jikoki tara.

Shugaba ya kama hanyar ƙofa. "Hajiya, mun ba ki amana kin ba mahaukaci. Sunaye sun tafi, Litinin ta zo. Mutum ɗari biyu ba za su sake barin rumfunansu su zo layi ba. Za mu kai aikin wani wuri."

Ban san yadda aka yi ba, sai na ji murya ta ce, "Sunayen suna nan." Da kowa ya juyo sai na gane tawa ce.

Na fito. Ban kalli kowa ba. Na zauna, na kama ɓeran, na danna kunnen hagu sau biyu a kan Injiniya 140. Hoton ya buɗe ya cika fuskar kwamfuta. Ga Shugaba a tsaye gaban labule, ga allon yara a ƙirjinsa, ga sunansa da alli, da rubutun hannunsa, har da layin da ya ja a ƙasa.

"Biri ya kwafe su kafin Damisa ta yanke allunan," na ce wa tebur. "In aka ba ni zuwa Lahadi, zan mayar wa kowa sunansa."

Shugaba ya dubi hoton, ya dube ni. "Kuma lambar?"

"Babu lamba a katin gaskiya, Baba."

"To mai shara ya ji da kyau."

"Dama," in ji Injiniya, ya matso, "tsarin da na yi ke nan. Allon nan ni na..."

"Kamar fursunoni," in ji Malam Ritaya. "Ina bencin nan ka faɗa."

Yaya ta ajiye tiren. Ta ɗauki makullin, ta juya shi a hannu, ta kamo tafina ta danƙa mini.

"Amarya, shago naki, ɗaki naki. Wannan kuma," ta nuna shi da haɓa, "in kin ga dama ki ba shi masauki. In ya dame ki, falo na nan."

Kwana uku muka yi. Malam Ritaya na karanta allo, ni ina bugawa, yatsuna har sun zama huɗu. Injiniya aka ba shi almakashi. Ranar Lahadi da rana na saki Damisa, na saki Giwa, na saki Zaki, kowace sai na ɗora yatsa a kan sunanta na karanta sau biyu. Gaskiya dabbobin suna aiki, in mutum ya dubi wadda yake kira. Litinin kowa ya shiga kasuwa da fuskarsa da sunansa, sai Mahauci da ya rataya katin gaskiya da na ramar duka biyun.

Yaya ta sayo sabon ɓera ta ba ni, ina ajiye shi a jakata. Tsohon aka bar wa Injiniya, bayan Tela ya ɗura wa kunnen damansa gam mai ƙarfi, da farin ciki, kyauta. Har yau in ya ratsa kasuwa sai ka ji rumfa-rumfa ana cewa, "Sannu, abokin aiki!"

Ya yi sati biyu lafau. Sai wata safiya muna shan shayi ya sunkuyo, ido na ƙyalli.

"Madam, tarihi zai tuna da yau. Na gano cewa a jikin kibod akwai wani maɓalli, can ƙasa ta dama, mai zanen 'yan layuka. In ka danna shi, jerin nan yake buɗewa. Ba ruwanka da linzami! Yaya ta ɗauka ta gama da ni."

Ya ajiye kofi ya ruga shago. Sai na ji ihu.

"Madam! Maɓallin ba ya nan! Rami ne kawai! Ɓeraye sun fara cin kibod!"

"Ikon Allah," na ce, na ci gaba da wanke kofuna.

Tun ranar da Tela ya zuba gam na lura da maɓallin nan, don ni ce mai goge kibod. Da cokalin shayi na ɓalle shi, Tela ya huda mini shi da allura mai zafi, na zura shi a zoben makulli. Kullum da safe a gaban Injiniya nake zaro makullin in buɗe shago, maɓallin na lilo a ƙarƙashin hancinsa, shi kuma yana tsaye yana ba ni labarin tarkon ɓeraye mai aiki da lantarki da zai ƙera.